Wasiƙa zuwa ga aminina kan yaran da ke ɓacewa a tsakiyar bincike

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya sanyin can?

Na karanta tsarin binciken da ka turo mini, na bibiyar 'yan sakandare har shekara biyar. Tambayoyin sun yi kyau. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ko sisi ba ka ware ba don neman waɗanda za su ɓace a hanya.

Ka duba binciken Add Health na Amurka. Tsakanin 1994 da 1995 sun bi gida-gida sun yi hira da matasa 20,745. Da suka koma a 2008, mutum 15,701 suka samu. To su wa suka fita? Yaron da ya bar makaranta, ko ya faɗa shaye-shaye, ko iyayensa ke yawan tashi saboda kuɗin haya, shi ne ya fi wuyar samu a zagaye na gaba. A irin haka ne ake wayar gari rahoto na cewa shaye-shaye ya ragu, alhali masu shan ne suka zame daga jerin sunaye.

A wajenka abin zai fi tsanani. Yarinya an yi mata aure tana aji uku, ta tare a garin mijinta, lambar da ta bayar kuma ta yayanta ce, ya daɗe da sauya layi. Yaro ya tafi cirani Legas. Ranar da ka koma makarantar da takardunka, waɗanda suka zauna kawai za ka tarar, su kuwa dama su ne masu gata.

Na san za ka ce masana ƙididdiga na cike giɓin, su ƙara nauyi a lissafi ga amsar yaran da suka saura. Yana taimakawa, amma iyakarsa abin da ka rubuta game da yaran tun zagayen farko.

Masu binciken Dunedin a Niyu Zilan sun bi yara 1,037, haifaffun 1972 da 1973. Da suka kai shekara 45, kashi 94 cikin ɗari na waɗanda ke raye sun amsa kira. Har kuɗin jirgi ake biya wa wanda ya koma ƙetare. Kai ba ka da wannan aljihun, na sani. Amma ka karɓi lamba uku a kowane gida, har da ta uwa, ka saba da mai unguwa, ka riƙa leƙawa tsakanin zagaye da zagaye. Ka sa kuɗin wannan a kasafin kafin ka miƙa shi.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
amininka