Wasiƙar Babbar Sallah daga Jidda

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina yi muku barka da Sallah, tare da Yaya da iyalinsa, da Auta, da duk mutanen gida. Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya maimaita mana cikin ƙoshin lafiya.

Na aika kuɗin Sallah ta hannun Yaya, kuma na san ba su kai kuɗin rago ba, amma iya abin da zan ware ke nan daga albashina ba tare da na ci bashi ba. Baba ya fi ni sanin cewa layya sunna ce a kan mai hali. A nan kuwa ina ganin 'yan uwanmu suna rantar kuɗi don a ɗaure babban rago a ƙofar gida, gudun kada a ce ɗan wane yana Saudiyya amma gidansu ba a yi layya ba. Sai ka ga mutum ya sa farar jallabiya, ya jingina da motar kafilinsa, wato maigidan da ya ɗauko shi aiki, an ɗauke shi hoto ya tura ta WhatsApp, alhali a wani matsattsen ɗaki yake kwana a unguwar Karantina ta Jidda tare da mutane da yawa. Mutanen gida ba sa tambaya, shi ma ba ya faɗa, har ranar da zai gaskata hoton nan da kansa ya manta da bashin da ke wuyansa.

Labari ya iso mini cewa Auta yana neman a sayar da gonar fadama a biya masa bizar Umara, idan ya shigo ya maƙale ya nemi aiki. Ina roƙon Baba da kada ya amince. Bizar Umara ba ta ba mutum izinin aiki, kuma wanda ba shi da igama, wato takardar izinin zama, ba zai buɗe asusun banki ba, ba zai je asibiti hankalinsa kwance ba, kuma idan wanda ya sa shi aiki ya hana shi haƙƙinsa ba shi da bakin kai ƙara. Ranar da aka kama shi, Shumaisi za a kai shi, gidan tsare baƙin haure da ke tsakanin Makka da Jidda, a ɗauki hoton yatsunsa, a mayar da shi gida da kayan jikinsa. Tun kamen baƙin haure da aka fara a watan Nuwamba na 2013 hukuma ba ta sassauta ba. A aikin Hajjin 2024, lokacin tsananin zafi, mutum sama da 1,300 suka rasu, mafi yawansu waɗanda ba su da izinin Hajji, ba su da tanti ko motar da za su fake a ciki. Wakilin da zai karɓi kuɗin gona ba zai faɗa masa wannan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, a ganina ba talauci Auta yake gudu ba. Bashin 'yan kasuwa yake gudu, da kunyar komawa shagon ɗinkin da ya bari bai gama koyo ba. Duk sanda muka yi waya sai ya ce an kulle masa hanya, ko kuma ƙasa ce ta lalace. Ban musa ba cewa rayuwa ta yi tsada, amma da hannunsa ya karɓi kayan nan, da ƙafarsa kuma ya daina zuwa shago. Inna, ki gafarce ni, na san tausayi ne ya sa kika sayar da awakinki kika rufa masa asiri ba tare da Baba ya sani ba, sai dai muddin ana biya masa a ɓoye ba zai taɓa zama ya ƙirga abin da ake bin sa ba.

Shawarata ita ce, idan hidimar Sallah ta lafa, Baba ya kira shi a gaban Yaya, ya faɗi sunan duk wanda ke bin sa da adadin kuɗin, a rubuta a takarda, sannan ya je da kansa ya nemi alfarmar biya a hankali. Idan ya koma wurin maigidansa ya kammala koyon sana'ar, na ɗauki alkawarin sayen keken ɗinki daga abin da nake tarawa duk wata, zan kuma kira shi in faɗa masa haka da bakina.

A gaishe mini da Kawu da Gwaggo, a kuma sa ni cikin addu'a.

Ɗanku mai biyayya,
daga Jidda