Tseren kwalekwalen kankare ba wasan yara ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in kare ɗaliban injiniya da ake yi wa dariya don suna ƙera kwalekwale da kankare suna tsere da shi. Wai ɓata siminti ne.

Ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka, ASCE, tana shirya wannan gasa a matakin ƙasa tun 1988, kuma tseren kansa ɓangare ɗaya ne kawai na makin. Sai ɗalibai sun rubuta rahoton zane, sun tsaya gaban alƙalai sun amsa tambayoyi.

Kankaren gini ya ninka ruwa nauyi fiye da sau biyu. Tsarin jikin kwalekwalen zai sa ya yi iyo duk da haka, kamar jirgin ƙarfe, amma akwai gwajin da ake cika shi da ruwa fal, a danna shi ƙasa, dole ya taso da kansa. Nan ne ido ke raina fata. Shi ya sa suke barin tsakuwa, su kwaɓa siminti da ƙananan ƙwayoyin gilashi masu iska a ciki, su shafa shi siriri a kan raga. In ya yi kauri, matuƙa su galabaita. In ya cika siranta, ya tsage tun a mota.

Abin ma ba sabo ba ne: Joseph-Louis Lambot ya ƙera jirgin siminti a Faransa tun 1848.

Don Allah ku riƙa kawo mana labarin gasar a shafin ilimi.

Naka,
Wani mai karatu