Kwastam da na'ura: a auna da kwanaki, ba da tiriliyan kaɗai ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan tsarin kwamfuta da Hukumar Kwastam ta Najeriya ke fitar da kaya da shi, domin na ga duk lokacin da aka zo yabon tsarin, kuɗin shiga kawai ake lissafawa.

Gaskiya ne hukumar ta ce ta tara sama da naira tiriliyan 6 a 2024, alhali a 2023 tiriliyan 3.2 ta samu. Amma mu da ke shigo da yadi mun san inda kaso mai tsoka na wannan ƙari ya fito. Da dala ake ƙiyasta kuɗin fito. Kafin Yunin 2023 dalar gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Kwantena ɗaya, kaya iri ɗaya, kuɗin da za ka biya ya ninka. Wannan faɗuwar naira ce, bai kamata a rubuta shi a littafin nasarorin na'ura ba.

Ba ina cewa na'urar ba ta da amfani ba ne. Tun daga manhajar kwastam ta ASYCUDA, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta samar wa ƙasashe masu tasowa, zuwa waɗanda suka biyo bayanta, wato NICIS II da B'Odogwu da aka fara gwadawa a tashar jiragen ruwa ta PTML da ke Legas a Oktoban 2024, an samu sauƙi na zahiri. Yau ejan mai fitar maka da kaya yana zaune a ofishinsa zai shigar da bayanan kaya, a biya ta banki, rasit ya fito da lamba. A da sai an ɗauki fayil ana bin tebur-tebur, kowane tebur da bakinsa. Wanda ya yi wancan zamanin ba zai raina wannan ba.

Matsalar tana inda na'urar ta tsaya. Tsarin yana raba kaya gida-gida: kore a wuce, rawaya a duba takardu, ja a buɗe kwantena. To idan kwamfuta ta ce kore, sannan wani ya ce shi sai ya gani da idonsa, me aka yi ke nan? Na taɓa tsayawa a wata tasha ina kallo aka sauke dilolin atamfa ɗaya bayan ɗaya a ƙasa, aka farke biyu da reza, aka mayar da su ba yadda suke ba, bayan takardun sun riga sun nuna an sallami kayan. Ga kuma ranar da za a ce maka "sabis ya ɗauke". Banki ba ya ganin biyanka, ba a buga takardar fita, amma kuɗin ajiya na kamfanin jirgi da na masu tasha ba sa ɗaukewa, kullum sai sun hau. A ƙarshe mai sayen turmi a Kantin Kwari shi ke biya.

Sai hanyar Legas zuwa Kano, shinge bayan shinge, kowa na neman takardar da ke cikin kwamfuta tuntuni.

Saboda haka ina roƙon Kwanturola-Janar Bashir Adewale Adeniyi ya sauya ma'auni. A Fabrairun 2024 hukumar ta ƙaddamar da binciken tsawon lokacin da kaya ke ɗauka kafin a sake su a tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas. A mayar da shi aikin kowace shekara, a kai shi Apapa da Onne, da tashar tsandauri ta Dala da ta Kaduna da ta Funtuwa, da iyakokin Jibiya da Illela da Maigatari inda manyan motoci ke jiran ƙetarawa Nijar. A riƙa bugawa kowa ya gani: kwana nawa kwantena ke yi daga sauka zuwa fita, kashi nawa aka buɗe da hannu, awa nawa tsarin ya tsaya a wata. Kuma duk ranar da tsarin ya tsaya, a dakatar da lissafin kuɗin ajiya har ya dawo, tunda ba laifin mai kaya ba ne.

Na gode.

Naka,
Wani ɗan kasuwar yadi,
Kantin Kwari, Kano.