Yaya zan tsawata wa yaro kan abin da ya ɗauka a bakin ubansa?

Assalamu alaikum Hajiya, ya aiki, ya iyali? Daga unguwar Yelwa a Garwa, ƙasar Kamaru, nake rubuto miki, ina roƙon ki sakaya sunana.

Maigidana mutumin kirki ne, a kasuwa ko a masallaci ba a jin kansa da kowa. Amma da ya riƙi waya sai ya zama wani mutum. Tun zaɓen shugaban ƙasa na Oktoba 2025, bayan isha'i yakan zauna a tsakar gida yana aika saƙon murya a WhatsApp, yana zagin waɗanda ra'ayinsu ya saɓa da nasa, har da iyayensu. Yara na kan tabarma suna bitar karatu, kunnensu na wajensa.

Makon jiya ɗanmu mai shekara 11, ɗan aji CM2 (ajin ƙarshe na firamare), ya ɗauki wayata ya aika wa abokinsa ashar saboda gardamar Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon garinmu. Uwar yaron ta zo har gida ta kunna mini. Wallahi Hajiya, ko kalma ɗaya bai sauya ba, har yadda ubansa ke jan murya. Na ɗauko bulala, sai ya ce: "Mama, ai haka Baba yake cewa." Nan take jikina ya yi sanyi.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Kwanaki na tura bidiyon faɗan wasu mata zuwa zauren adashenmu, ina ta dariya, ƙanwar yaron na leƙe ta kafaɗata. Washegari na ji tana ba ƙawayenta labari. Abin na cina har yau, don matan nan ma suna da 'ya'ya.

Na san a 2023 Kamaru ta kafa dokar kare yara a intanet, amma doka ba ta shiga tsakar gidana da dare.

Na taɓa yi wa maigida magana, ya ce siyasa ce, ba ruwan mata. In kai maganar gaban yayansa, ko hakan tonon asiri ne? Ko in kunna masa muryar ɗansa ya ji da kunnensa? Ina tsoron ya huce a kan yaron. Shi kuma yaron me zan faɗa masa wanda ba zai zubar da girman ubansa a idonsa ba, kuma ba ƙarya ba?

Wayar dai na sa mata lambar sirri. Uwar abokin ɗana na ba ta haƙuri, amma har yanzu ba ta amsa gaisuwata.

Allah ya ƙara basira.
'Yar'uwarki daga Garwa