Baba Fasto, kira ne ko kwaɗayin fita waje?

Salama gare ka Baba Fasto, da fatan kana lafiya kai da Mama da dukan masu sauraren wannan shiri. Don Allah kar a faɗi sunana, mutanen majami'armu kusan duka suna jin ka.

Ni saurayi ne ɗan shekara 29, ina koyarwa a lakwal a nan Maradi, ɗan kwantiragi. Da dare kuma ina rubutu, 'yan gajerun darussa da addu'o'i da Hausa, ina sakawa a Facebook da WhatsApp. To rubutun nan ne ya jawo mini abin da ya hana ni barci yau wata bakwai.

Bari in fara da kakana, don daga can abin ya samo asali. Kuturta ce ta kai shi asibitin Danja, lokacin ko danginsa ba sa cin tuwo kwano ɗaya da shi, a can wata baturiya ta riƙa wanke masa miki da hannunta, a can ya ji bishara. Na tashi na tarar da shi ba yatsu, in zai buɗe Littafi Mai Tsarki sai ya ɗora shi a gwiwa ya tura shafin da dungun hannu, wani lokaci har da leɓe, kuma bai yarda a buɗe masa ba. Kullum in na tuna sai in ce mutanen SIM, 'yan mishan ɗin da suka sauka Damagaram a 1924, suka gina asibitin Galmi a 1950, su ma fa suna da uwaye a gida, amma suka baro su suka zo. Bashi ne a kanmu, haka nake ji.

Akwai abokina da muka yi lakwal tare, ya bi ta Agadas ya shiga Libiya, ya haye teku, yanzu yana Italiya. Shi ke karanta wa 'yan ɗakinsu rubutuna, wata rana ya turo mini murya yana kuka yana cewa sun binne wani yaro ɗan ƙasarmu babu ko mutum ɗaya da zai yi addu'a da Hausa. Daga baya faston wata ƙaramar ikilisiya a can ya nemi in zo shekara biyu in yi aiki cikin baƙin haure masu jin Hausa, za su ba ni ɗaki da takardar gayyata, kuɗin jirgi da na biza kuma ni zan nema. Tun ranar, in na buɗe Ishaya 6:8, inda Allah ya ce wa zai aika, Ishaya ya ce "Ga ni, ka aike ni", sai gabana ya faɗi.

Amma Baba, ni ne babba a gidanmu. Mahaifinmu ya rasu, Inna ƙuli-ƙuli take yi tana kaiwa kasuwa, ƙannena uku suna karatu kuma albashina ne ke riƙe da su, ko da yake shi ma sai ya ga dama yake zuwa. Da na faɗa mata ba ta yi faɗa ba, tana cikin matse tunkuza ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Da Diffa aka ce ka tafi, za ka ji kiran da ƙarfi haka?" Wallahi na rasa amsa. Don gaskiya ni ma ina son ganin Turai, ba zan ɓoye maka ba, na gaji da bashin mai shago.

Dattawan majami'a sun rabu biyu, wasu sun ce a tara mini baiko, wasu sun ce rufin ɗakin sujada ma yoyo yake, kuma tun abin da ya faru a 2015 da aka ƙona majami'u a Yamai da Damagaram, matasa ake bukata a gida. Wani dattijo ya buɗe mini 1 Timoti 5:8, ayar da ta ce wanda bai kula da iyalin gidansa ba ya musunta bangaskiya, ya tafi abinsa.

To Baba Fasto, yaya mutum ke rabe muryar Allah da ta son zuciyarsa in duk biyun hanya ɗaya suke nuna masa? In Inna ba ta sa albarka ba, in jira ko in tafi? Ko kuwa in ci gaba da tura musu rubutu daga nan, ya isa? Faston can ya ce in ba shi amsa kafin Kirsimati.

Ɗanka cikin Ubangiji,
daga Maradi