Hoton dusar ƙanƙarar da kuka buga ya cancanci suna da kwanan wata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan hoton tsauni da kuka buga kwanakin baya, wanda aka rubuta a ƙarƙashinsa cewa sanyi ne a ƙasar waje. Ina ganinsa na gane wurin, domin na shafe shekaru ina karatu a Maroko, kuma na sha hawa can da kyamarata. Dutsen Tubkal ne, mai tsayin mita 4,167, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Arewacin Afirka, kuma daga Marrakesh zuwa Imlil, ƙauyen da ake fara hawansa, tafiyar da ba ta wuce sa'o'i biyu ba ce a mota. Abu biyu suka dame ni: dusar ƙanƙarar ta fito toka-toka kamar bangon da bai ga farar ƙasa ba, sannan an bar hoton babu sunan wuri, babu ranar ɗauka.

Matsalar launi ba laifin maɗaba'a ba ce, daga wajen ɗauka ta taso. An ƙera ma'aunin hasken kyamara ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabanta matsakaici ne, ba fari fat ba, ba baƙi ƙirin ba, don haka idan fari ya cika mata ido sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi da kanta. Duk mai hoton da ya taɓa ɗaukar dattijo cikin farar shadda a filin idi da hantsi ya san wannan, domin rigar kan dusashe, fuskar kuma ta yi duhu. Maganin shi ne mai ɗauka ya ƙara hasken da hannunsa, mataki ɗaya zuwa biyu, ta maɓallin da ke ɗauke da alamar ƙari da ragi, a waya kuwa ya taɓa fuskar allon ya ja alamar rana sama. Sai dai akwai iyaka, domin idan aka zarce, ƙanƙarar za ta koma kamar farar takarda, ƙananan tuddai da layukan da iska ta zana a kanta duk su ɓace, kuma babu gyaran kwamfuta da zai dawo da su.

Haka nan inuwa a kan dusar ƙanƙara takan fito shuɗiya, saboda hasken da ke sauka a wurin daga shuɗin sararin sama yake zuwa, rana ba ta kai gare shi. Wasu suna goge shuɗin gaba ɗaya, ni kuwa ina ganin kuskure ne, domin ɗan abin da aka bari shi ke sa mai kallo ya ji sanyin a jikinsa.

Hoton da na fi so a cikin duk waɗanda na ɗauka na same shi ne bayan sallar asuba, a kusa da masaukin masu hawa da ke wajen mita 3,200. Kwarin yana cikin duhu, sai kawai ƙololuwar da ke gabana ta kama ja kamar garwashi, ta koma ruwan goro, kafin minti goma ta zama fara. Yatsuna sun ƙage har na kasa jin maɓallin, batirin da na cika da daddare kuma ya nuna ya kusa mutuwa, domin sanyi yana rage ƙarfinsa ƙwarai. Jagoranmu ne, wani dattijo Ba'amazige, wato ɗan ƙabilar da ke zaune a waɗannan tsaunuka, ya karɓe shi ya cusa a cikin rigarsa daidai ƙirji, bayan ɗan lokaci ya miƙo mini ya farfaɗo. Shi ne kuma ya hana ni shiga ɗakin ɗumi da kyamarar a buɗe, ya sa na ɗaure ta cikin leda tukuna, saboda in gilashi mai sanyi ya haɗu da iska mai ɗumi sai ya yi gumi ciki da waje, kamar kofin ruwan sanyi a watan Afrilu. Tabarau ma wajibi ne, domin sabuwar dusar ƙanƙara tana iya mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai cutar da ido.

Amma abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami shi ne rashin suna da kwanan wata. A wurin mutanen tsaunukan Atlas, inda Tubkal yake, wannan farin abin ruwan shansu ne da na gonakinsu, domin idan ya narke a bazara shi ke cika ƙoramun da ke shayar da itatuwan tufa da gyaɗar Turawa a Imlil, ya gangara har filayen da ke kewaye da Marrakesh. Maroko ta sha fari shekaru a jere, har ya kai ga Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'arsa su haƙura da layya a 2025 saboda yadda dabbobi suka ragu. Don haka hoton da ya nuna inda ƙanƙara ta tsaya a kan dutsen a watan Janairu na wata shekara shaida ce da za a iya gwadawa da ta shekara mai zuwa, amma fa idan an rubuta wurin da ranar. Kuma waɗannan ƙauyuka ne girgizar ƙasar 8 ga Satumba, 2023 ta afka wa yankinsu, ta hallaka kusan mutum 3,000, waɗanda suka tsira da yawa suka yi hunturun a cikin tantuna. Wanda ya san haka ba zai so a mayar da dutsensu adon cike shafi ba.

Ina kira gare ku da ku buɗe ƙofa ga ɗalibanmu da ke Maroko da masu zuwa ziyara Fas, waɗanda da yawansu kan leƙa Ifran, wani gari a kan tsaunuka kusa da Fas, don ganin dusar ƙanƙara, su riƙa aiko muku da nasu hotunan tare da sunan wuri, wata da shekara. Ina kuma ba su shawara su sa mutum ko alfadari a cikin hoton domin girman dutsen ya fito, bayan sun nemi izinin mai shi, domin mutanen tsaunin, musamman mata, ba sa son a ɗauke su ba da saninsu ba. Ni ma zan aiko da guda uku daga cikin nawa, har da na asubar nan, idan kun amince.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya