Amsa ga wanda ya ce don addini na yabi Sadiq Khan

Malam, assalamu alaikum.

Ka tambaye ni a bainar jama'a ko da Sadiq Khan, magajin garin Landan, ba Musulmi ba ne zan rubuta abin da na rubuta a kansa. Ka kuma ce na kau da kai daga sare-saren wuƙa da tsadar haya a Landan. Tambayar farko ce ta yi min ciwo, domin abin da kake nufi shi ne ba na duba aikin mutum, sunansa kawai nake dubawa. Ka daɗe kana karanta rubutuna, ka san ba haka nake ba, kuma ina zargin tafin jama'a ka nema da wannan tambaya.

Da addini ne ma'aunina, ai da na sami dalilin yin shiru. A 2013, yana ɗan majalisa, ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da auren jinsi, abin da ya jawo masa fushin Musulmi da dama har da barazanar kisa. Mai neman gwarzon addini ba nan zai tsaya ba.

Abin da na yaba shi ne mutum bai manta da inda ya fito ba. An haife shi a 1970 a Tooting, kudancin Landan. Mahaifinsa direban bas ne da ya zo daga Pakistan, mahaifiyarsa kuma ɗinki take yi, a gidan gwamnati suka tashi su takwas. Ya yi lauyan kare haƙƙin ɗan Adam, ya yi kansila a Wandsworth daga 1994 zuwa 2006, ya shiga majalisa a 2005, ya riƙe ƙaramin ministan sufuri. Da ya zama magajin gari a 2016, cikin watannin farko ya kawo tikitin Hopper, wanda ke ba fasinja damar sauya bas cikin awa ɗaya ba tare da ya sake biya ba. Mai shara da mai gadi da ke hawa bas biyu kafin su kai wurin aiki su ne suka ji daɗin wannan a aljihunsu. Daga 2023 kuma ya biya wa 'yan firamaren gwamnati abincin rana kyauta. Ina addini a cikin wannan?

Sai batun hayaƙi, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami tun farko. A 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar da cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe wata yarinya 'yar shekara tara mai fama da asma a unguwar Lewisham ta Landan. Tsarin ULEZ, da ke cajin fam 12.50 a kullum kan motar da hayaƙinta ya wuce ƙa'ida, Boris Johnson, magajin garin da ya gabaci Khan, shi ne ya fara tsara shi. Khan ya faɗaɗa shi zuwa duk faɗin birnin a Agustan 2023, makonni kaɗan bayan jam'iyyarsa ta Labour ta faɗi zaɓen cike gurbi na majalisa a mazaɓar Uxbridge ta Landan, manyanta suna ɗora laifin a kan tsarin. Ya ƙi ja da baya. A 2024 mutanen Landan suka sake zaɓarsa karo na uku, abin da babu magajin garin da ya taɓa samu.

Wuƙa da haya kuwa, e, matsaloli ne na gaske, kuma yana da kasonsa na alhaki tunda kula da 'yan sandan birnin na ƙarƙashin ofishinsa. Ban taɓa cewa ya magance su ba.

Abin da ke damuna ya fi girman ni da kai. A zaɓen 2016 ɓangaren Zac Goldsmith, abokin hamayyar Khan, ya yi ta ƙoƙarin danganta shi da masu tsattsauran ra'ayi, don a daina maganar bas da gidaje a koma maganar masallaci. Yau ga shi kai, ɗan'uwana, ka bi hanyar nan, ka mayar da muhawarar kan addininsa da nawa. Haka ake yi wa duk Musulmin da ya riƙe mukami a Turai, haka kuma ake yi wa duk wanda ya ce ya yi aiki. Idan kana ganin ULEZ zalunci ne ga talaka mai tsohuwar mota, wannan magana ce mai nauyi, ka kawo ta da hujjojinka mu tattauna.

Wassalam.